Tawagar Hokin Matasa: Kada Kofin Bana Ya Cinye Mana Gobe

 Maganarmu ta yau a kan wasan hoki ce, wanda wasu ke kira ƙwallon gora. Idan hukumar wasanni ta tashi haɗa tawagar matasa ta yanki, daga makarantun gwamnati take tsinto yara, kuma 'ya'yanmu na cikin waɗannan makarantu. Saboda haka muna da haƙƙin faɗin yadda ya kamata a rene su. A ganinmu, abin da za a auna mai horarwa da shi shi ne yawan yaran da ya riƙe shekara huɗu ko biyar har suka ƙware. Kofi ya biyo baya.

Wasan ba baƙo ba ne a Gana. Tawagar mazan ƙasar nan ce ta ci Kofin Afirka na farko a Alƙahira a 1974, ta kuma je Kofin Duniya a Kuala Lumpur a 1975. Theodosia Okoh, wadda ta zana tutar ƙasa, ta shugabanci hukumar hoki sama da shekara 20, kuma sunanta aka sa wa babban filin hoki na Akra. Marigayi Shugaba John Atta Mills ma ɗan wasan ne. Waɗanda suka kai ƙasar wannan matsayi a filayen makaranta suka taso, a hannun malaman da suka yi haƙuri da su.

Haƙurin dole ne, domin dokokin wasan sun hana ƙarfi yin aiki shi kaɗai. Gefe ɗaya kawai na sandar, wato shafaffen gefen, ake taɓa ƙwallo da shi, don haka sai yaro ya koyi juya sanda a hannu yana cikin gudu. In ban da mai tsaron gida, ba a yarda ƙwallo ta taɓa ƙafar kowa ba, abin da ke wahalar da yaron da ya tashi da tamaula. Ci ba ya ƙirguwa sai sandar mai kai hari ta taɓa ƙwallo a cikin rabin da'irar da ke gaban raga. Duk wanda ya zauna gaban allo ya san wannan tsari: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a shiga karatu. Malamin da ya tsallake da almajiri don a yabe shi ranar sauka, ya cuci almajirin. Haka kocin da ya tsallake tsayar da ƙwallo da miƙa ta, ya tafi koyar da dabarun cin gasa.

Babbar jarrabawar da ke gaban mai horar da matasa ita ce aron shekaru. Gasa ta matso, manya suna son kofi, sai a kawo ɗan shekara 19 a rubuta masa 15. Ɓarnar wannan uku ce. Yaron da shekarunsa na gaskiya 14 zai yini a benci, bayan wata biyu ya ajiye sanda. Babban da aka ara yana ture ƙanana da ƙirji, don haka ba ya ƙara koyon komai, ranar da ya haɗu da tsaransa sai a ga iyakarsa. Ta ukun ta fi muni: mun nuna wa yara da hannunmu cewa ha'inci hanya ce ta samun nasara. Takardar haihuwa ba ta canzuwa sai da sanin wani babba a gida, saboda haka laifin ba na koci kaɗai ba ne.

Wasu za su ce wahalar banza ce, tunda yawancin garuruwanmu ba su da filin ciyawar roba. Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Tun da aka fara wasan Olimfik a kan irin wannan fili a Montreal a 1976, ƙasashe masu kuɗin shimfiɗa shi suka samu fifiko. Indiya, mai zinare takwas a Olimfik, rabonta da shi tun 1980. Amma rashin fili bai hana farawa. Akwai salon 'yan biyar-biyar da ake yi a ƙaramin wuri, wanda har Kofin Duniyarsa aka yi a Maskat ta ƙasar Oman a 2024, kuma farfajiyar makaranta ta ishe shi. A ƙaramin fili kowane yaro yana taɓa ƙwallo sau da yawa, kuma wanda ya iya tsayar da ita a ƙasa mai tsalle ba zai sha wuya a shimfiɗaɗɗen wuri ba. Abin da ya rage shi ne a riƙa kai su filin roba lokaci-lokaci, domin ƙwallo ta fi gudu a can. Kuɗin mota na irin wannan tafiya bai fi ƙarfin unguwa guda ba, in an so.

A nan ne rabonmu na aikin yake. Da farko lokaci: a zauna da koci a tsara atisaye yadda ba zai ci lokacin Islamiyya ko na salla ba, a kuma sassauta shi a watan azumi. Na biyu kariya: ƙwallon hoki mai tauri ce, nauyinta kusan giram 160, don haka kada a bar yaro ya shiga fili babu abin kare ƙwauri da haƙora, kada kuma a tsayar da mai tsaron gida babu cikakkun kayansa. Na uku 'yan mata. Tawagar matan Gana ta wakilci ƙasa a wasannin Commonwealth na 2018 da 2022, kuma babu dalilin da zai sa ƙofar ta rufu ga 'ya'yanmu. Sharaɗinmu a bayyane yake: sutura mai rufe jiki, da mace babba da za ta kasance tare da su a atisaye da kowace tafiya. Kocin da ke son su da gaske ba zai ƙi wannan ba.

Akwai kuma maganar abinci. Da yawa daga manyan ƙungiyoyin hoki na ƙasar nan na ma'aikatu ne: 'yan sanda, soja, gidan yari, hukumar haraji. Wasan yakan zama tsani zuwa aiki, amma aikin yana neman takardar makaranta da takardun da ba su saɓa wa juna ba. Kocin kirki yakan duba sakamakon jarrabawar yaro kafin ya miƙa masa riga.

Saboda haka muna roƙon masu unguwanni, idan mai horarwa ya zo neman 'ya'yanmu, a karɓe shi da mutunci, a yi masa tambaya uku. Yara nawa ka fara da su bara, nawa ne har yanzu suke tare da kai? Wa ya tantance shekarunsu? Yaya karatunsu? In ya amsa da gaskiya, mu tsaya masa ko da an lallasa tawagarsa shekara uku a jere, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarar ba ta kwana ɗaya ba ce. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa mu dace.