Wai Jini Tsantsa a Italiya? A Tambayi Gawar Kan Dutse

Yau na ajiye labarin da muke bi, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai.

A shekarar 1938 gwamnatin Mussolini ta fitar da takardar da ke cewa Italiyawa tsatso ɗaya ne, jininsu bai gauraya ba, aka kuma bi ta da dokokin da suka kori Yahudawa daga makarantu da aikin gwamnati. Na ɗauka an binne wannan tunani, sai ga shi a 2023 ministan noma na ƙasar, Francesco Lollobrigida, yana kashedin kada baƙi su maye gurbin 'yan ƙasa. Ministan noma fa! To malam, wa ya kawo muku noman?

Alkama da sha'ir da tumaki ba 'yan asalin Italiya ba ne. A Gabas ta Tsakiya aka fara noma, kuma manoma daga yankin da yau ake kira Turkiyya ne suka iso kudancin Italiya ta teku kimanin shekaru 8,000 da suka wuce. Ɗan ƙasarku ma, Cavalli-Sforza, tun shekarun 1970 ya ce mutane ne suka taso da iyalansu, ba labarin noma kaɗai ya iso ba.

Ga shaida. A jikin kowane namiji akwai ƙwayar gado da ake kira Y, wadda ɗa ke karɓa daga ubansa kaɗai. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan iyakar Italiya da Ostiriya, aka sa masa suna Ötzi. Ya rayu shekaru wajen 5,300 da suka wuce. Da aka bincika, layin ubansa G2a ne, na waɗancan manoma. Binciken 2023 ya ƙara da cewa fatarsa ta fi ta Turawan yau duhu.

Layin R1b kuwa, wanda ya fi yawa a arewacin ƙasar yanzu, akasarinsa daga baya ya shigo tare da jikokin makiyayan arewacin Baƙin Teku. A kudu J2 ya fi tasiri, a tsibirin Sardiniya kuma I2. Har ma wani reshe na R1b mai suna V88, da ake samu a Sardiniya, ana samunsa a cikin Hausawa da maƙwabtanmu na yankin Tafkin Cadi. Ina tsantsar take?

Wani zai ce ai ya yi gwaji, ya gano layin kakansa. Madalla. Amma ƙirga kakanni hawa goma baya, gurbin mutum 1,024 za ka samu, kuma ɗaya tak ne ya ba ka wannan Y ɗin. Sauran fa, ba naka ba ne?

Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba. A yi wannan muhawara da hujjar doka da tattalin arziki, a daina jingina ta da jini, domin kakan mai korar baƙin ma a kwale-kwale ya zo.

Mai ja da ni, fili a buɗe yake. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.