Kada Ƙyallin Ƙarfe Ya Ruɗe Ka

Ɗan'uwa manomi, da kai mai sana'ar markaɗe ko yankan nama a Ijora da Agege, ka san yadda tsatsa ke cin ƙarfe a Ikko fiye da yadda take yi a Kano ko Zariya. Dalili shi ne iskar teku tana ɗauke da laima da gishiri. Ruwan tumatir da na attarugu kuma suna da tsami, ga gishirin da ake zubawa a nama da kifi.

Yanzu akwai wuƙaƙe da kayan aiki masu launin zinariya, waɗanda ake cewa ba sa tsatsa. A kan masu kyau daga cikinsu, wannan launi shafe ne na sinadarin taitaniyam da naitirojin. Yana da tauri ƙwarai, yana sa kaifi ya daɗe. Amma kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 10 na silin gashi ba, kuma yakan zo da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwan gishiri ke kurɗawa ya ci ƙarfen ta ciki, har shafen ya ɓare ya faɗa cikin abinci.

A ganina, ƙarfen da ke ƙarƙashi shi ne abin tambaya. Ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Ingila a 1913, yana kare kansa ne saboda kuromiyam da ke cikinsa. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100. Mai lamba 316 an ƙara masa molibdenam, don haka ya fi jure gishiri, shi ne kuma ya fi dacewa da bakin teku. Gwajin maganaɗisu bai wadatar ba, domin mai lamba 201, wanda ya fi rauni, shi ma ba ya kamawa sosai.

Saboda haka tambayi lambar ƙarfe kafin ka biya. Wanke kayanka da ruwa mai tsabta bayan aiki, ka shanya su. Guji soson ƙarfe da bilic, domin suna lalata kariyar.

Araha ba ta ado. Shafe mai kyau a kan ƙarfe mara inganci kyan ɗan maciji ne, kuma lafiyar masu cin abincinka amana ce a hannunka.