Murfin Baƙin Mai Ya So Ya Ci Mini Inji

Makon jiya na ƙara wa tsohuwar motar Baba baƙin mai, na kama hanyar Leeds daga Manchester. Ban yi nisa ba sai ƙauri, sai hayaƙi ta bonet. Ashe ban mayar da murfin ba, mai ya fantsama ko'ina!

Na kira Baba. Ya ce, "Kashe motar. Kuma kar ka cusa tsumma, datti zai shiga inji." Dole aka ja ta gareji, na sayi murfi daidai ƙirarta.

Shawarata: in inji ya huce, ku goge murfin, ku duba robar cikinsa. In ta tsage ko ta bushe, ku canza. Ku murɗa har ya zauna daram. Wallahi murfi ya fi inji araha.