Birtaniya Na Son Aikinsu, Ba Ta Son Iyalansu

A farkon Satumba 2025 gwamnatin Birtaniya ta dakatar da karɓar takardun 'yan gudun hijira masu neman a kawo musu matansu da 'ya'yansu, wai na ɗan lokaci. Ba mu yi mamaki ba. Tun Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali. A Maris na shekarar aka bi ta kan masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. A Afrilu kuma aka ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata kafin mutum ya kawo matarsa ko mijinta daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Jam'iyyar da ta ɗauki matakan 2024 ɗin ta faɗi zaɓe, wadda ta gaje ta kuma ta ɗora daga inda aka tsaya.

Kowa ya san waɗanda abin ya fi shafa. A 2022 babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan iyalan ɗalibai da aka ba biza, sama da dubu sittin. Waɗannan mutane ba a kwale-kwale suka tsallaka ba. Filaye da gonaki suka sayar, suka yi layin gwajin tarin fuka a Abuja da Legas, suka biya kuɗin makaranta mai ninkin na ɗan ƙasa, suka biya harajin lafiya tun kafin su taka jirgi. Yau akwai uwar da take kwana tana juya tsohuwar wani a kan gado, tana yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki, alhali nata yaran suna hannun kakarsu a Kaduna, sai dai ta gan su ta WhatsApp idan an yi sa'ar wuta.

Za a ce kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, kuma gidaje da asibitoci sun yi musu kaɗan. To, ba a tuna da ƙarancin gidajen ba lokacin da ake kwasar ma'aikatan jinyar da muka horar da kuɗin talakawanmu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haka aka kwashi kuzar Jos da gyaɗar Kano, haka aka kwashi kakanninmu zuwa yaƙin Bama.

Amma fushinmu ya fi karkata ga Abuja. A Satumba 2023 aka kira jakadunmu gida, aka bar kujerunsu a buɗe ana ta rufe wa 'yan ƙasa ƙofofi. Da ɗalibanmu suka shiga tasku a Jami'ar Teesside a 2024 saboda faɗuwar naira, sai da suka fito da kwalaye sannan aka waiwaye su. In ana lissafin kusan dala biliyan 20 da 'yan ƙasar waje ke aikowa duk shekara kuwa, bakin kowane jami'i na motsi.

Muna kira ga Ma'aikatar Harkokin Waje da Hukumar 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare su sa batun iyali a kan teburin kowace tattaunawa da Landan, ta ciniki ce ko ta tsaro ko ta maido da baƙin haure. Duk mai neman ma'aikacinmu ya zo da tanadin matarsa da 'ya'yansa a rubuce. Majalisar Tarayya kuma ta gayyaci ministan ya faɗa wa 'yan ƙasa sau nawa ya tayar da wannan magana, da amsar da aka ba shi.