Tara Kan Wanda Ƙishirwa Ta Kusa Kashewa?

Tun da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, wata magana ta samu gindin zama a bakin jama'a: wai duk wanda aka ceto a hamadar da ke tsakanin Arlit da Tamanrasset a ci shi tara, tunda shi ya kai kansa. Masu faɗin haka ba su san yadda ake mutuwa a sahara ba. In mota ta lalace, waya tana hannun direba, kuma rai yana rataye ne ga ruwan da ya rage a jarka. Direban da ya san kiran agaji zai jawo masa tara da ɗauri ba zai kira ba. Zai shige ƙarƙashin mota yana kwance-kwance har rana ta faɗi, ko ya sauke fasinja ya ce zai nemo kayan gyara. A Oktoban 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, akasari mata da yara daga yankin Kance. Jinkiri ne ya kashe su, tara kuwa jinkirin za ta ƙara.

Ana cewa tsoron tara zai hana mutane tasowa. Ai tarar tana nan. Dokar Aljeriya ta 2008 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya shiga ƙasar ba takardu, amma a 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutum sama da 30,000 da aka koro zuwa Nijar. Da yawa ana zubar da su ne a kan iyaka, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Assamaka. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a wannan tsakani, motar hukuma ce ta ajiye shi. Wa za a kai wa takardar tarar?

Batun tara kuwa bai tashi ba a Janairun 1982, lokacin da Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya, ya ɓace kwana shida a tseren motoci na Paris zuwa Dakar. Jirgin sojan Aljeriya ya gano shi, aka kai shi Tamanrasset, ba a ci shi tara ba, alhali wasa ya kai shi. Abin da ke ƙarƙashin wannan kiran tara shi ne tsohon rainin da ake yi wa matan Kance da Matamai, waɗanda ake zargi da zubar mana da mutunci da bara a titunan Aljeriya. Masu zargin ba sa tambayar yadda gonar gado ta tsuke har ba ta ciyar da gida wata uku, ba sa tambayar ina mazan suke. Matar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe ta biya kuɗin mota, da me za ta biya tarar?