Zauren Iyali: Kada Mu Yar da Tsohuwar Kwamfuta

Tun watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, kuma gidaje da yawa ba su da halin sayen sabuwar kwamfuta. Mafita ita ce Linux, manhajar kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Daga cikin rassanta akwai Ubuntu, wadda ta fito a 2004.

Abubuwa biyu ke gigita sabon shiga. Na farko, allon bugun haruffa. Namu na Faransanci ne, wato AZERTY. Idan aka bar shi kan tsarin Ingilishi, sai yaro ya danna A ya ga Q. Mu zaɓi Faransanci tun lokacin girkawa, sannan mu ƙara Larabci da Hausa, domin ɓ, ɗ da ƙ su samu gurbinsu. Danna maɓallin Windows tare da na tazara yana sauya harshe.

Na biyu, hoton fuska. A da, sai mutum ya gyara fayil ɗin xorg.conf da hannunsa, kuskure ɗaya ya bar shi cikin duhu. Yau na'ura kan gane katin Intel ko AMD da kanta; na Nvidia ne kan buƙaci ƙarin direba daga kamfaninsa.

Shawararmu: a fara gwada Ubuntu daga kile USB, a kuma kwafe hotuna da takardun iyali kafin a girka. Rigakafi ya fi magani.