Dattawan ƙwallon lambu na Kano da dattawan inuwar Madawa

Ɗan kasuwar Madawa da ya saba zuwa Kano ya san Kantin Kwari, ya san Kurmi, ya san Dawanau kamar tafin hannunsa. Akwai dai wani wuri a tsohuwar unguwar Turawa da ba safai yake tsayawa ya duba ba: wani makeken fili mai itatuwa, babu gini, babu shuka, inda da sanyin safiya ake ganin dattawa uku-uku ko huɗu-huɗu suna tafiya a ƙasa, kowane da yaro a bayansa ɗauke da jakar sanduna. Wannan shi ne filin ƙwallon lambu, wasan da Turawa ke kira golf. Baƙon da ya gani yakan yi dariya, ya ce masu kuɗi sun rasa abin yi sai bin ɗan ƙwallo mai girman ƙwan kaza. Dariyar tana da hujja. Amma mai karatu ya yi haƙuri ya ji yadda waɗannan mutane suka tsara zamansu, domin akwai abin dubawa a ciki ga gundumomin Madawa da Buza da Keita.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Fili yana da rami 18, faɗin kowane rami bai kai santimita 11 ba. Mai wasa yana bugun ƙwallo da sanda daga mafari har ya jefa ta cikin rami, sa'an nan ya wuce na gaba. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Doka ta hana a ɗauki sanda fiye da 14. Kafin mutum ya kammala zagayen, ya taka abin da ya kai kilomita 6 zuwa 10, cikin awa huɗu ko kusa da haka. A ƙasar Sikotlan wasan ya girma, har a shekarar 1457 sarkinsu ya hana shi, don ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A filin garin Sant Andurus ne aka tsayar da adadin rami 18 a 1764.

Ingilishi suka kawo shi Najeriya tare da folo da sukuwar dawaki irin tasu. Turawan haƙar kuza suka buɗe filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo baya a 1921, Kano da Zariya su ma tun zamanin mulkin mallaka suke da nasu. Da yake ruwa bai wadaci ciyawa ba a arewa, sai aka yi dabara: kewayen ramin, inda a Turai ake shimfiɗa lallausar ciyawa, aka riƙa zuba rairayi gauraye da baƙin mai, ana share shi bayan kowane bugu. A ƙasar nan ma an san filin Riyo Barabo, a kan hanyar Yamai zuwa Tilaberi, inda mai wasa kan yi yawo da guntun darduma mai kama da ciyawa, ya aza ƙwallo a kai kafin ya buga, saboda ko'ina tsakuwa ce da rairayi. Kada a raina filin rairayi. Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji wanda daga baya ya zama na ɗaya a duniya, a Legas ya ci babbar gasar Najeriya a 1988, ya sake ci a 1989.

Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikata da hafsoshin soja da attajirai suka gaji filayen. Waɗanda suka koyi wasan suna da shekara 30 ko 40, yau su ne dattawan kulob. A gasannin da ake yi ana ware musu rukuninsu da kyautarsu, wani wurin ma har da rukunin waɗanda suka fi su tsufa. Haka abin yake a duniya: a Amurka an kafa gasar ƙwararrun dattawa a 1980, wadda ake shiga daga shekara 50, Turai ta kafa tata a 1992. Tsufa bai cika kayar da mai wannan wasa ba. A 2009 Tom Watson, yana da shekara 59, saura ƙiris ya ɗauki babbar gasar Biritaniya, sai a wasan raba gardama ya faɗi. A 2021 Phil Mickelson ya ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniya yana da shekara 50.

Ƙungiyar dattawa irin wannan, ko ina take, da abubuwa kaɗan take tsayuwa. Akwai rana tsayayya da kowa ya sani, ba sai an aika yaro ya yi kira ba. Akwai kuɗin zubi da ma'aji da littafi. Akwai zaɓen shugaba da wa'adin saukarsa. Akwai ziyara: yau mutanen wannan gari su je wancan, a yi wasa, a ci abinci, a kwana, wata mai zuwa a rama musu. In aka ga wurin wani babu kowa sau biyu a jere, kafin la'asar an je gidansa. Ciwo ko rasuwa ko aurar da ɗiya, labari ya riga ya kai ga kowa tun a bakin rami na farko.

Abin da ya fi ban sha'awa cikin tsarin shi ne rangwamen bugu. A ce an ƙayyade cewa gwani zai gama filin da bugu 72. Dattijon da ya saba gamawa da bugu 90, ana ba shi rangwamen 18 ko kusa da haka. Matashin da ya saba gamawa da 78, rangwamensa 6. Ranar gasa, in dattijo ya yi 89, a cire masa 18, saura 71. In matashi ya yi 78 ɗin da ya saba, a cire masa 6, saura 72. Dattijo ya ci, kuma ba alfarma aka yi masa ba, domin ya fi jiyansa, shi kuwa matashi bai fi nasa jiyan ba. Tun 2020 aka haɗa lissafin duniya wuri guda, aka tsayar da iyakar rangwame a kan 54. Ta haka ne mai shekara 75 yake fita fili tare da jikansa, kowa ya buga da gaske. A kokowa babu wannan. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, duk ɗan kokowar da gwiwarsa ta gaza sai dai ya koma gefen fili yana ba yara shawara. Langa da tamaula ma haka suke sallamar mutum tun bai yi furfura ba.

Likitocin Suwidin sun fitar da wani bincike a 2008 a kan masu wasan su wajen 300.000, suka ce yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da na tsararrakinsu da kashi 40 cikin 100. Mai hankali zai karɓi wannan lissafi da taka-tsantsan, don wanda ke iya tafiyar kilomita 8 dama da sauran lafiyarsa, kuma galibi ba ya kwana da yunwa. Duk da haka, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane take: babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako, kuma tsoho bai fita cikin wannan ƙa'ida ba.

Wasan yana da nasa aibi, kuma ba ƙarami ba. Jakar sanduna sabuwa ta fi ƙarfin albashin mushen lakwal na watanni. Kuɗin shiga kulob shinge ne da aka kafa da gangan, tun lokacin da baƙar fata ba ya shiga sai a matsayin ɗan dako. Fili mai rami 18 yana cin eka gommai, in kuma an ce sai ciyawa kore, ruwan da zai sha ya isa garake masu yawa. Babu mai hankalin da zai ce a ɗebi ruwan kwarin Tarka, wanda albasar Madawa ke rayuwa da shi, a shayar da ciyawar wasa. Ana kuma faɗa, ba a ɓoye ba, cewa kwangila da yawa a bakin rami ake ƙulla su, nesa da idon talaka. Yaron da ke ɗaukar jaka ne kaɗai ribar unguwa, don daga cikin irinsu ne ƙwararrun ƴan wasan Najeriya da dama suka fito.

To, a dawo gida. A 1990 tsawon ran ɗan Nijar, bisa ƙididdiga, bai kai shekara 45 ba. Yau ya haura 60. Da yake kusan rabin jama'a yara ne da ba su kai 15 ba, duk shiri da duk jawabi a kan matasa yake ƙarewa, ana manta cewa dattawa ma suna ƙaruwa. Saurayin da yake da shekara 25 lokacin da aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, a 1975, ya kai 75. Wanda ya shiga aikin farfaɗo da ƙasar Keita da aka soma a 1984 da taimakon Italiya yana da waɗannan shekaru, ya wuce 65. Su ne malaman gona da ma'aikatan gandun daji da direbobi da malaman lakwal da suka hau duwatsun Adar da ƙafa. Yau da yawansu tafiyarsu ba ta wuce gida zuwa masallaci, masallaci zuwa inuwar ƙofar gida.

Ranar da ma'aikaci ya aje aiki, ba albashi kaɗai ke raguwa ba. Gaisuwa ma tana raguwa. Wanda jiya ake tashi tsaye in ya shigo biro, yau sai ya jira a kan benci. Ɗan kasuwar da ya miƙa wa ƴaƴansa kanti da kamyo, shi ma abin da ke samunsa ke nan, illa dai shi ba ya jiran fansho. Sai zama ya yi yawa, shayi mai sukari zagaye uku, goro, rediyo, labarin ƴan siyasa. Daga nan tansiyo da ciwon sukari su shigo ba sallama, a wayi gari an ɗauki mutum zuwa Galmi ko Maraɗi da shanyewar ɓarin jiki. Ƙungiyoyin masu ritaya suna nan, amma kusan dukan ƙarfinsu a kan takardun fansho yake tafiya, tsakanin CARENI da CNSS. Aiki ne na wajibi. Sai dai ba ya cika wa mutum ranar Talata da safe.

Kayan wasa kuwa ba su ne matsala ba. Dara tana nan da gurbinta 30 da ƴaƴa 12 ga kowane ɗan wasa, kuma babu garin Adar da ya rasa gwaninta. Belot tana nan. Amma duka biyu wasannin zaune ne. Wanda ya fi dacewa da dattijo shi ne bul, wato fetanki, wanda ma'aikata suka daɗe da sani. Asalinsa ma don mai ciwon gaɓoɓi aka ƙirƙiro shi a kudancin Faransa, a farkon ƙarni na 20, domin ya yi jifa ƙafafunsa a kafe. Ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 650 zuwa 800, tazarar mita 6 zuwa 10, wanda ya riga kai maki 13 ya ci. Ba ya son ciyawa, ba ya son ruwa, tsakuwar Buza ma ta fi masa daɗi. Ba kuma wasan raini ba ne: Madagaska ta ɗauki kofin duniya a 1999 da 2016, an kuma yi gasar duniya a Kwatano a 2023. In aka haɗa shi da tafiyar kilomita 3 ko 4 bayan sallar asuba, a ƙungiyance, an samu rabin abin da dattawan Kano ke biyan kuɗi mai yawa a kansa. Rangwame ma ana iya aro: a ba wanda ya haura 70 maki biyu ko uku tun kafin a fara.

Wani zai ce girma ya hana. Mutum mai surukai da jikoki ba ya wasa a bainar jama'a, kada yara su raina shi. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Hausa, kuma ita ce dalilin da ya sa abin ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya. Alhaji guda da ya fito yana zagaya gari da sassafe, za a ce lafiya kuwa? Alhazai 15 tare da tsohon sufurefe da tsohon darektan lakwal, sai a gaishe su a ba su hanya. Kunya ba ta kama taro.

Game da asusu, maza ba sai sun je Kano neman darasi ba, su tambayi matansu. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna yadda mata marasa karatun boko ke riƙe akwati, su yi zubi kowane mako, su ba da rance, su raba riba, ba tare da an ji kansu ba. Ƙungiyoyin maza da yawa da aka kafa bayan babban taron ƙasa na 1991 kuwa, ko dai siyasa ta raba su, ko ma'aji ya yi tafiya. Ƙungiyar dattawan da ke son ta daɗe sai ta karanta lissafinta a gaban kowa duk wata, ta kuma hana shugaba zarcewa. Ziyara tsakanin Madawa da Buza da Keita sau uku a shekara, lokacin sanyi, ba ta fi ƙarfin mota guda da tunkiya guda ba.

Saura maganar fili, kuma ita ce mai gaggawa. Filayen ƙwallon lambu na Kano da Kaduna sun tsira a tsakiyar birni, inda taƙi ɗaya na ƙasa ke da tsadar zinariya, saboda suna da iyaka sananniya da ƙungiya mai faɗa a ji a bayansu. A garuruwan nan kuwa, duk lokacin da aka yanka sababbin filaye ana nuna wa jama'a wurin da aka ware don amfanin kowa, bayan ƴan shekaru a tarar an zagaye shi da katanga. Filin bul guda mita 15 ne a tsawo, 4 a faɗi. Guda huɗu da rumfa da randa da ƴan itatuwa ba su kai kangon gida ɗaya ba. Ma'aikatar magajin gari tana iya ba da shi, amma ba ta ba mutanen da ba su da suna a takarda. Sai an kafa ƙungiya, an rubuta dokokinta, an aje su wurin hukuma, sa'an nan a nemi filin da takardar mallaka da sunan ƙungiyar. Cikin masu ritaya na Madawa akwai waɗanda suka shekara 30 suna rubuta wa wasu irin waɗannan takardu.